Kwana ɗaya a gindin Kutus cikin marka

Wasunku sun tare mu a kasuwa suna tambayar yadda tafiyarmu ta Kutus ta kasance, shi ya sa muka ce bari mu rubuta kowa ta samu.

Garinmu Gure yana kan babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Damagaram zuwa Diffa, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Duwatsun Muniyo na nan kewaye da mu, na Kutus kuma suna arewa, wajen Kelle. Tun a ƙarshen shekarar 1852 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya sauka Gure ya rubuta labarin ƙasar nan. Mutum ya taso daga Jamus don ya ga duwatsunmu, mu kuwa da aka haifa a gindinsu, cikin mu 18 babu wadda ta taɓa hawa Kutus. Wannan magana ce ta tayar da tafiyar, ga kuma gayyatar wata ƙungiyar mata da ke wani ƙauye kusa da Kelle.

Ba mu taɓa kuɗin bashi da ke cikin akwati ba. Tsarin Mata Masu Dubara, tun da aka fara shi a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya koya mana ke nan: kowane kuɗi da aikinsa. Sai muka buɗe zubi na dabam, dala hamsin kowane mako har mako 12. Kowace ta tara jika uku, duka jika 54. Jika 40 suka tafi ga hayar mota, sauran muka sayi shinkafa, mai, sukari, ganyen shayi da maganin zazzaɓi. Kowace ta nemi izinin maigidanta, muka sanar da maigari, muka zaɓi Asabar da Lahadi na tsakiyar Agusta, bayan an gama maimai.

Mun tashi bayan sallar asuba. Hanyar arewa ba kwalta, sau biyu motar na kafewa cikin jiƙaƙƙen rairayi muna sauka muna turawa. Amma kai, ƙasar ta yi kyau! Tuddan da muka sani farare ƙal da rani duk sun yi shar, garken Fulani da raƙuman Buzaye sun bazu cikin ciyawa. Duwatsun Kutus ba kamar namu na Muniyo ba ne. Kansu a shimfiɗe yake kamar faifai, tsakaninsu kwaruruwa ne da gonaki.

Matan ƙauyen sun tarbe mu da fura da guɗa. Da muka zo neman wurin kafa rumfa, idonmu ya faɗa kan wani fili mai laushin rairayi ƙarƙashin goriba. Shugabarsu, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna, ta girgiza kai. Ta ce, “Ƴaƴana, nan hanyar ruwa ce. Mai hanya in ya tashi zuwa ba ya sallama.” Ta kai mu kan tudu kusa da lakwal, can muka ɗaure ledarmu mai kauri jikin itace, muka rataya sange.

Da hantsi muka kama hawa, Inna a gaba da sandarta. Mun ƙetare wannan koramar a bushe, ko tafin ƙafa bai jiƙe ba. Doka ɗaya muka sa: wadda ta fi kowa nauyin ƙafa ita za ta bi bayan Inna, kada kowa ta wuce ta. Ma’ajinmu ce, mai ciwon gwiwa. Haka muka riƙa tafiya muna hutawa, muna cire ƙarangiya daga zannuwa, har muka kai sama wajen azahar.

Daga can ne muka ga abin da ba a gani daga ƙasa. Inda gangare yake tsirara, ruwa ya tsaga shi ya yi ramuka ja. Inda mutanen ƙauyen suka jera duwatsu a gicciye, suka haƙa rabin wata, ƙasa ta tsaya, ciyawa da ƙananan dakwara sun fito. Ruwan sama ɗaya ne ya sauka a wuraren biyu. Nan ya gudu da ƙasa, can an tare shi ya zauna.

Muna cikin cin gumba da ƙuli-ƙuli sai gabas ta yi baƙi. Iska mai sanyi ta taso. Inna ta ce mu sauka yanzu yanzu, kan dutse ba wurin zama ba ne in ana walƙiya, kuma kada wadda ta raɓa itacen da ke tsaye shi kaɗai. Ruwa ya cim mana a tsakiyar gangare. Duwatsu suka yi santsi, muka riƙa sauka a zaune, hannu cikin hannu.

Da muka iso koramar, wallahi ba mu gane ta ba. Jan ruwa ne ke gudu yana ruri, ɗauke da kututturen goriba. Dalili kuwa, dutse ba ya shan ruwa kamar rairayi. Duk abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi lokaci ɗaya ya taru a kwari. Shi ya sa korama ke iya kawo ruwa ko a inda ba a yi ko yayyafi ba.

Ƙaramar cikinmu ta bar ɗanta mai wata goma a ƙauye wurin matan gidan Inna. Nono ya cika mata, ga magariba na matsowa. Ta ɗaure zani ta ce ita kam za ta shiga, ai ruwan bai wuce cinya ba. Ma’aji ta riƙe mata hannu ta ce, “Ƙanwata, yaron nan uwa yake so, ba labarin uwa ba.” Ta fashe da kuka. Wasu biyu suka goyi bayanta, suka ce in an riƙe juna za a wuce. Sai muka yi yadda muke yi ranar zubi in magana ta rabu: kowa ta faɗi nata, aka ɗaga hannu. Goma sha biyar suka ce a jira.

Inna ta kafa kara a bakin ruwan ta ce mu sa masa ido. Muka takure ƙarƙashin leda ɗaya muna rawar ɗari, muna kallon kara. Bayan kamar awa biyu ruwa ya janye ya bar shi a kan laka. Inna ta fara shiga tana dogara sanda, ruwa iya idon sawu. Muka bi ta a jere, mai jegon a tsakiya. Mun tarar da yaron ya sha kunu yana barci a bayan wata jikar Inna. Filin nan mai laushi da muka so kwana, ko alamarsa babu.

Daren nan marka ba ta ɗauke ba. Ledarmu ta yi yoyo, sai maigari ya sa aka buɗe mana aji ɗaya, da yake yara na hutu. Muka hura gawayi, muka shanya zannuwa, aka dafa shayi. Har tsakar dare muna hira da matan ƙauyen kan bashi da biya. Su ribarsu ta fi fitowa daga kiwon awaki da busasshen ganye, mu kuma daga man gyaɗa. Da safe suka kai mu muka tsinko tafasa da yaɗiya, suka nuna mana yadda suke shanya su a inuwa don kada su dushe kafin rani.

Ga masu niyyar irin wannan tafiya da damina: ku nemi ƴar gari ta yi muku jagora, ku ji maganarta. Kada ku kwana cikin korama ko ta bushe ƙamas. Ku fara hawa da sassafe, ku sa ido gabas. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa, a jira shi. Ku ƙulle ashana, salula da zani ɗaya cikin leda. Mai shayarwa kuma ta zauna kusa da ɗanta, dutse ba ya gudu.

Mun iso gida Lahadi da la’asar, kowa lafiya, da ragowar jika biyu da muka zuba cikin asusun taimako. Matan Kutus za su rama ziyara bayan an ɗaure gero, kuma sun yi alkawarin nuna mana haƙar rabin wata a gonar ƙungiya. Duk ƙungiyar da ke son halarta ta gaya wa sakatariyarmu ranar zubi. Allah Ya kai mu kaka lafiya.