Daren da na kwana a kurmin Korup

Ni mutumin Maradi ne, inda in an sami ruwan sama milimeta 500 a shekara sai a gode wa Allah. Saboda haka, da aiki ya kai ni Kamaru, na ƙudurta sai na ga kurmin Korup, wanda aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1986, inda ruwan shekara kan kai milimeta 5000.

Daga garin Mundemba muka ƙetare kogin Mana bisa gada mai lilo, muka kafa tanti a bakin wata ƙorama. Ga itace ko'ina, amma wuta ta ƙi kamawa, don kome a jiƙe yake. Cikin dare kwarkwasa suka fatattake mu, muka ƙarasa daren zaune bisa dutse, ruwa na dukanmu.

Da asuba ina alwala, sai na ga ruwan ƙoramar garau, alhali gulbinmu ja wur yake zuwa bayan ruwa. Na tambayi ja-gora dalili. Ya ce saiwoyi da ganyen da ya zube su ke riƙe da ƙasa. Ran da aka sare itatuwa, ruwa zai kwashe ta.

Nan na tuna da wasiƙar ƙanena, yana neman yardata a sare itatuwan gawo bakwai na gonar mahaifinmu, a sayar a biya bashi. Da ma na riga na amince a zuciyata. Da na koma gida, babur ɗina na sayar na biya bashin. Har yau itatuwan suna tsaye, kuma geron da ke ƙarƙashinsu ya fi na sauran gonar kyau.