WASAN KYAUTA YA FI NA SAYE TSADA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana iyayen yara a kan wasan nan na bidiyo, wanda yara ke kira gem, ana yinsa a kwamfuta, ko a waya, ko a wata na'ura da a kan haɗa da talabijin. Na ji waɗansu na cewa duk sharri ne, waɗansu kuma na cewa duk alheri ne. Ni dai abin da ya faru a gidana zan faɗa, mai karatu ya auna.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na daɗe da ajiye alli. Ina da jika ɗan shekara 14, yaro mai kaifin hankali, wanda muke wasan kaka da jika da shi. Bara muka ga yaron nan ya canja. Ya bar fita ƙwallo, in an kira shi cin tuwo sai ya ce a dakata masa, da safe idanunsa ja wur kamar garwashi. Ruwa ba ya tsami banza. Ran nan uwarsa ta je biyan kuɗin makarantarsa, sai ta tarar asusunta na banki ya yi rauni. Da aka bi sawu, ashe ta taɓa sa lambar katinta cikin waya, yaron kuwa ya yi ta sayen waɗansu abubuwa cikin wani wasa, yau kaɗan, gobe kaɗan, har kuɗin suka tafi.

Ubansa ya fusata, ya ɗauko taɓarya zai ragargaza wayar. Na ce masa, "Tsaya tukuna. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. Ka ba ni wata guda in ga abin nan da idona." Ya ce, "To, Baba, na bar maka." Na kira yaron na ce, "Kai ja'iri, daga yau kai ne malam, ni ne almajiri. Koya mini." Ya yi murmushi ya ce, "Kaka, yatsunka za su iya kuwa?" Haka muka fara, gama gani ya kori ji.

Bari in fara da alherin da na gani, don ba na son a ce tsoho ya zo da ƙiyayya.

Wasan da ya fara sa ni shi ne Tetris, wanda wani Barashe mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko cikin 1984. Waɗansu 'yan tubala ne masu siffa bakwai ke faɗowa daga sama, kai kuwa kana jujjuya su don su cike layi ba gibi. Ba jini, ba zagi, ba caca. Sai ya tuna mini da dara da muke yi a gindin bishiya muna samari, watau ido da lissafi da saurin shawara. In ka yi kuskure, kuskurenka na nan a gabanka kana kallonsa, ba wanda za ka ɗora wa laifi. Wannan kuwa darasi ne da na yi shekaru ina fama in koya wa yara a aji.

Sa'an nan ya nuna mini Minecraft, wanda Markus Persson, mutumin Suwidin, ya fara, aka fito da cikakkensa cikin 2011, har kamfanin Microsoft ya saye shi da kamfanin da ke yinsa a kan dala biliyan 2.5 cikin 2014. A nan yaro kan haƙa ƙasa, ya sari itace, ya yi gini da tubali. Na ce ya gina mini zaure. Na ji yana cewa, bango mai tsawon tubali 12 da tsayin 8 zai ci tubali 96. Na riƙe baki. Yaron da ake bi da bulala kafin ya yi lissafin gida, ga shi yana yi don kansa, ba wanda ya sa shi.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani wasa da muka gani wajen ɗan maƙwabcinmu, mai suna Civilization, kashi na bakwai, wanda ya fito cikin 2025. Mutum kan zaɓi wani shugaba na tarihi, ya kafa gari, ya yi noma da ciniki da sulhu da yaƙi. Cikin shugabannin nan sai ga Amina ta Zazzau. Mu da ke zaune a Zariya, ganuwa na gabanmu kullum, amma sai da yaron nan ya ga Amina a wasa ya zo ya tambaye ni, "Kaka, da gaske ita ta yi ta gina ganuwa inda ta sauka?" Muka raba dare ina ba shi labari kamar yadda na ji wajen manya. Ko da yake a nan ma akwai aibi. Wasan ya yarda ka ɗauki shugaban wata ƙasa ka ɗora shi a kan mutanen wata, ka haɗa waɗanda ɗaruruwan shekaru suka raba. Yaron da ba shi da mai warware masa, sai ya ɗauki tatsuniya a matsayin tarihi. Kuma ba zan ɓoye ba, ni kaina na ce bari in ƙara taku ɗaya, sai na ji agogo ya buga goma sha biyun dare. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi.

To, jama'a, yanzu mu zo ga wasan da ya cinye kuɗin makaranta. Ba zan faɗi sunansa ba, gama irinsa suna da yawa, halinsu ɗaya ne. Kyauta ake samunsa, ba a biyan ko kwabo wajen shiga. Da farko sai ya yi ta ba ka nasara har ka saba. Sa'an nan hanya ta fara tsauri, waɗanda suka biya kuɗi su riƙa wuce ka kana gani. Sai a nuna maka wani akwati mai walƙiya, a ce ka saya, watakila takobin da kake so na ciki. Ba a gaya maka abin da ke ciki sai ka biya. Ka buɗe, ba shi. Ka sake saye. Ku dubi wayon da ke nan kuma: ba a rubuta kuɗin da naira, sai an canja maka su zuwa waɗansu duwatsu na wasa, don kada ka ji zafin fitarsu. Bayan wannan, in ka yi kwana ɗaya ba ka shiga ba, sai a janye maka ladan da ka tara. Tsakar dare waya na ƙara, wai abokan yaƙinka na jiranka. Ashe abin da ya hana jikana barci ke nan. Ba daɗi ne ya riƙe shi ba, tsoron hasara ne.

Nan na gane inda gizo ke saƙa. Kada ka tambayi ko wasa na da kyau ko ba shi da kyau, ka tambayi ta ina mai shi ke cin abinci. Wanda ya sayar maka da wasa sau ɗaya, abincinsa na ga jin daɗinka, in kayansa ba su da kyau shi ke kwana ciki. An ga haka a Amurka cikin 1983, sa'ad da kamfanin Atari ya kwashi tulin wasanninsa da suka yi kwantai ya binne a juji a wani gari Alamogordo, har aka tono su cikin 2014. Amma wanda ya ba ka kyauta, abincinsa na ga kasa tashinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na sani fa har cikin waɗanda ake saye da kuɗi akwai masu akwatin nan na sa'a, saboda haka a duba da kyau.

Kada a ce ƙorafin tsoho ne kawai. Cikin 2018 hukumar da ke kula da caca a ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan nan da ake saye da kuɗi caca ne bisa dokarsu. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin littafinta na cututtuka, wanda ya fara aiki cikin 2022. Alamunta kuwa su ne mutum ya kasa mallakar kansa a kan wasa, ya fifita shi a kan sauran harkokinsa, ya ci gaba da yi ko da yana ganin ɓarna, har abin ya ɗauki kamar wata 12. Amma hukumar ta ce kaɗan ne cikin masu wasa ke kai wa haka, don haka kada kowane yaro mai riƙe da waya a ce ya kamu. Ƙasar Sin kuwa cikin 2021 ta kafa doka, yaran da ba su kai shekara 18 ba ba su yin wasan intanet sai awa ɗaya ran Jumma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ban ce mu kwaikwayi wannan ba, gama aikin uba ne, ba na ɗan sanda ba.

Da wata ya cika na kira ubansa na ce, "Ajiye taɓaryar nan. In ka fasa waya, gobe zai tafi shagon gem a ɓoye, inda ba mai ganinsa." Muka shirya a kan abu uku. Aka cire katin banki daga waya. Aka goge wasan nan mai akwati, yaron da kansa ya goge, yana hawaye. Sauran kuwa yana yi a tsakar gida, bayan ya gama aikin makaranta, waya kuma ba ta kwana a ɗakinsa. Kuɗin da ya ɓatar yana biya da guminsa, yana taya kawunsa tsaron shago ran Asabar. Barcinsa ya dawo, ko da yake har yanzu in an ce lokaci ya yi ya kan tura baki.

Saboda haka ina kira ga iyaye, kada ku la'anci abin da ba ku gani ba, kada kuma ku sake wa yaro abin da ba ku sani ba. Ku zauna kusa da shi ko da rabin awa ne, ku dubi ko wasan na barinsa ya tashi lafiya, ko kuwa yana yi masa barazana in ya tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa. In akwai mai wani ra'ayi dabam, musamman cikin samari, ina so in ji ta bakinsa a wannan fili.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Tsohon Malami, Zariya.