Dattijo da Zanen Teku

Akwai wani dattijo a Unguwar Rimi, cikin Kaduna, wanda bai taɓa ganin teku ba. Iyakar ruwan da ya sani Kogin Kaduna, amma fa ya san shi sarai, gama sau biyu kogin yana shigar masa gida, da daminar 2003 da ta 2012.

Ran nan jikansa ya nuna masa hoton wata igiyar ruwa, ta taso da kumfa fari fat. Tsohon ya ce, “Lalle mai ɗaukar hoton nan ya jiƙe.”

Yaron ya ce, “Ai zane ne, Kaka, aikin wata Ba'amurkiya, Zaria Forman.”

Ita dai matar nan alli mai launi take murzawa a kan takarda da yatsunta. Cikin 2012 ta tafi Girinlan, can arewacin duniya, ta zana duwatsun ƙanƙara masu narkewa. Cikin 2013 kuma ta tafi tsibiran Maldibs, kudu da Indiya, waɗanda tudunsu bisa teku misalin ƙafa 5 ne kurum, ta zana ruwan da ke cin gaɓarsu.

Dalilin abin kuwa, hayaƙin kwal da na man fetur ya ɗumama duniya. Ƙanƙara tana narkewa tana kwarara cikin teku, shi kuma ruwa in ya ji zafi kumbura yake yi. Daga 1900 zuwa yanzu teku ya hau misalin inci 8. Zafin nan kuma shi kan sa hadari ya ɗauko ruwa mai yawa, ya juye shi gaba ɗaya, kogi ya cika ya batse.

Da tsohon ya ji haka sai ya yi shiru. Can ya kama hannun yaron ya kai shi zaure, ya nuna masa shatar da ambaliya ta bari a bango, daidai ƙirji. Ya ce, “Ga nawa zanen, kogi ya yi mini shi kyauta. Ashe da ni da mutanen tsibiran nan ciwonmu ɗaya.”

Da ma yana da fili a bakin kogi, wanda ya yi niyyar ba yaron ya gina in ya yi aure. Tun daga ranar ya fasa. Ya ce a shuka mangwaro da gwaiba a wurin, ɗaki kuwa a nemi tudu, don ruwa ba ya manta hanyarsa.