ALTON TOWERS: INDA NA'URA TA CE A TSAYA

A lardin Staffordshire da ke tsakiyar Ingila, tafiyar kamar mil 150 arewa maso yamma da birnin Landan, akwai wani ƙauye da a ke kira Alton. Hanyar zuwa wurin 'yar siririya ce, ta ratsa gonaki da makiyaya. Baƙo ba zai taɓa zaton akwai wani abin mamaki a gaba ba, sai fa in ya fara jiwo kururuwar mutane daga cikin itatuwa. To, nan ne Alton Towers, ɗaya daga cikin manyan filayen wasa na ƙasar Birtaniya.

Asalin wurin gidan sarauta ne na iyayen ƙasar Shrewsbury, waɗanda su ka ƙawata shi da lambuna tun farkon ƙarni na 19. Zuriyarsu ta sayar da shi cikin 1924, sa'an nan cikin 1980 a ka mai da shi filin wasa irin na zamani. Har yanzu tsohon ginin yana nan tsaye da hasumiyoyinsa, ko da ya ke galibinsa ya zama kufai. Hukuma ba ta yarda a gina abin da zai zarce itatuwan wurin tsawo ba. Shi ya sa da za a kafa jirgin lilon da a ke kira Nemesis cikin 1994, sai da a ka fasa dutse a ka haƙa masa rami.

Jirgin lilo dai wasu taragai ne da ke gudu bisa dogon ƙarfe mai hawa da gangara da murɗewa. Wanda ya fi suna a nan shi ne Smiler, ƙirar wani kamfanin Jamus mai suna Gerstlauer, wanda a ka buɗe cikin 2013. Tsawon dogonsa mita 1,170 ne, yana gudun kilomita 85 a awa, kuma yakan juya mutum ƙafa sama kai ƙasa har sau 14. Kowane tarago na ɗaukar mutum 16.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, taragon ba shi da direba. Sarƙa ce ke jan shi zuwa ƙololuwa, daga nan sai nauyinsa ya yi ta kai shi. To, wa ke hana na baya ya afka wa na gaba?

Dabarar daga wurin ma'aikatan reluwe a ka aro ta. A irin waɗannan jirage a kan raba dogo zango-zango, kuma ƙa'ida ita ce kada taragai biyu su haɗu a zango ɗaya. A jikin dogon an ɗaura wasu 'yan na'urori masu jin kusantowar ƙarfe ba tare da sun taɓa shi ba, wasu kuma da haske su ke aiki, watau in tarago ya gitta ya tare hasken sai su sani. Kowace tana aika labari ga kwamfuta cewa tarago ya shiga zango kaza, ko ya fita. Muddin ba a ce ya fita ba, na baya ba zai motsa ba.

Birkin ma an yi masa hikima. Kullum a damƙe ya ke, ƙarfin iska ne ke buɗe shi don tarago ya wuce. Saboda haka ko da wutar lantarki ta ɗauke, ko bututun iska ya fashe, birki sai ya koma ya damƙe. Ƙaf-ƙaf ɗin nan da a ke ji lokacin hawa kuwa, wani haƙorin ƙarfe ne da ke hana tarago komawa da baya in sarƙa ta tsinke.

Amma duk wannan bai hana abin da ya auku ran 2 ga watan Yuni, 2015 ba. A ranar nan taragai huɗu ke aiki a Smiler, sai a ka ƙaro na biyar. An saki wani tarago ba kowa a ciki don gwaji, iska mai ƙarfi ta tare shi, ya kasa ƙarasa hawa, ya dawo ya tsaya a tsakiyar hanya. Nan take kwamfuta ta tsai da na bayansa, mai ɗauke da mutum 16, a kan ƙololuwa. Injiniyoyi kuwa taragai huɗu su ka sani, kuma duk sun ga inda su ke, sai su ka ɗauka kwamfutar ce ta ruɗe. Su ka soke umarninta da hannu, su ka saki taragon. Ya gangaro ya yi karo da wanda ke tsaye.

Mutum biyar su ka ji mummunan rauni, cikinsu har da 'yan mata biyu da a ka yanke wa kowaccensu ƙafa ɗaya. An shafe sa'o'i huɗu ko fiye kafin a gama fid da mutane. Hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta Birtaniya ta bincika, ba ta sami aibu ga dogo ko taragai ko kwamfutar ba. Laifin na rashin tsari ne da rashin isasshen horo ga ma'aikata. Kamfanin Merlin mai filin ya amsa laifinsa, cikin Satumba 2016 kotu a garin Stafford ta ci shi tarar fam miliyan 5.

An sake buɗe Smiler cikin Maris 2016 bayan an tsaurara ƙa'idojin aiki, jama'a kuma su ka ci gaba da bin layi don hawa. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan rana na'ura ta yi aikinta, ta ce a tsaya. Abin da a ka rasa shi ne mutum ɗaya da zai dubi dogon da idonsa tun daga farko har ƙarshe kafin a ce ƙarya ta ke yi. Allah Ya kiyaye gaba, amin.