Kogon da Teku ke Tsaron Ƙofarsa

Mu mutanen tudu, ruwan da muka sani shi ne na rafi da tabki da kogi. Ko ya cika ya batse, kana hangen gaci. Shekara da shekaru muna koya wa yara cewa ruwa ya fi ƙasa yawa a duniya, muna nuna musu shuɗi a taswira. Amma gani ya kori ji.

Sa'ad da aka aike mu, mu malamai huɗu, yin kwas a ƙasar Sikotlan, muka ware rana guda domin zaga tsibiran da ke yamma da ƙasar. Daga garin Oban babban jirgin ruwa ya kai mu tsibirin Mal. Muka ratsa shi da mota, sa'an nan muka shiga ƙaramin jirgi mai inji zuwa Istafa, inda babu mai zama sai tsuntsayen teku. Can ne Kogon Fingal yake.

Tun ba mu tashi ba matuƙin ya ƙidaya mu, ya nuna mana inda rigunan ruwa suke, ya kuma faɗa mana gaskiya. Ya ce kuɗinmu ya saya mana tafiya ne, bai saya mana sauka ba. In teku ta yi fushi, daga nesa za mu hangi kogon mu juya. Waɗansu fasinjoji suka yi gunaguni. Shi kuwa bai ƙara ko uffan ba.

Da muka matso, sai ga baƙaƙen ginshiƙan dutse jere tsaye, yawancinsu masu kusurwa shida, kamar magini ne ya sassaƙa su. Amma ba hannun mutum a ciki. Narkakken dutse ne ya kwararo tun zamanin da, yana hucewa yana tsattsagewa, kamar yadda laka takan tsage a busasshen tabki da rani. Teku kuwa ta yi ta dukan gindin dutsen har ta huda shi. Tsayin bakin kogon ya wuce ƙafa 60, zurfinsa ciki ya wuce ƙafa 200.

Allah ya sa ruwa ya kwanta, aka ba mu sa'a guda. Muka bi ta kan guntayen ginshiƙai, muna riƙe da madogarar da aka kafa jikin dutse. Ƙasa da mu ruwa yana tasowa yana komawa. Kowannenmu ya tuna da matarsa da 'ya'yansa, gama santsi ɗaya ya isa.

A ciki ba wanda ya yi magana. In igiyar ruwa ta shigo, kogon yakan amsa da murya mai zurfi kamar tambari. Mutanen wurin, cikin harshensu, sukan ce da shi kogo mai daɗin murya. A 1829 wani makaɗin Jamus, Mendelson, ya zo nan, daga baya ya tsara kiɗan da ya ƙara wa wurin suna.

Sa'armu ba ta cika ba iska ta juya, matuƙi ya yi kira. Masu gunagunin nan su suka riga kowa shiga jirgi.

Daga nan muka sauka tsibirin Ayona, wajen mil 6 kudu. Nan Kolumba ya iso daga Ailan a shekara ta 563 tare da abokai 12, daga nan kuma bishara ta bazu cikin Sikotlan. Jiragen zamaninsu na itace ne da fata, ba inji. Muka dubi ruwan da suka ƙetare, muka jinjina musu.

'Yan'uwa, ƙarfin hali daban, ganganci daban. Kusan kowace damina mukan ji kwalekwale ya kife a Kwara ko Binuwai, saboda yawan lodi, ko tafiyar dare, ko rashin rigar ruwa. Sau da yawa mu fasinjoji ne muke matsa wa mai jirgi don kada kasuwa ta wuce mu. In wanda ya san ruwa ya ce a dakata, mu dakata, mu kuma koya wa 'ya'yanmu haka. Kasuwa tana ci wani mako. Rai kuwa guda ne.