Tsibirin Gobir da karkarar da ke kewaye da shi

Wanda ya fito daga Birnin Ƙwanni bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ya wuce Gidan Rumji, kafin ya shiga Maraɗi zai riski Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir. Direbobi da dama wucewa suke yi ba tsayawa, domin daga bakin hanya garin bai nuna girmansa. Amma duk mai son sanin yadda Hausawan wannan yanki suka zauna inda suke a yau, ya kamata ya ci birki a nan.

Tarihin baka ya ce Gobirawa daga Azbin suka gangaro, suka yi zama a Birnin Lalle, daga baya suka kafa Alƙalawa. A shekarar 1808 rundunar jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya faɗi a wurin. Gobirawa ba su sallama ba, sai da aka sake karya su a Gawakuke wajen 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya rasu. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara sauran jama'a, ya kafa Tsibiri a kwarin Gulbin Maraɗi, kusa da Katsinawan da Ɗan Kasawa ya zaunar a Maraɗi. Maƙwabtan nan biyu sun daɗe suna haɗa kai suna kai wa daular Sakkwato hari. Ba banza ake yi wa ƙasar kirari da gidan faɗa ba.

Baƙon da ke neman tsofaffin gine-gine zai sha mamaki. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari, kamar yadda ta yi wa Maraɗi, dole aka hau tudu aka sake gini. Abin da ruwa bai iya ɗauka ba shi ne sarauta. Har yanzu fada na cika da safe, dogarai na tsaye, talaka na cire takalmi ya durƙusa ya ce "Ranka ya daɗe". Har yanzu akwai Inna, ƴar gidan sarauta wadda al'ada ta ɗora bisa sha'anin mata da na bori. Ranar sallah kuwa maroƙa kan jero sunayen sarakuna ɗaya bayan ɗaya, daga Bawa Jangwarzo har zuwa na yau. A 2010 hukumar Nijar ta ɗaga masarautar zuwa matsayin sultan.

In matafiyi ya bar fada ya gangara fadama, zai tarar da lambuna na tumatur da barkono da albasa, waɗanda ke ciyar da kasuwanni da rani. In kuma ya ratsa Maraɗi ya miƙe gabas, hanyar za ta kai shi Agye, sannan Gazawa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da wake da gyaɗa, musamman aya, wadda fatake ke lodi buhu-buhu zuwa Najeriya.

A wannan yanki itatuwa ne abin kallo. Bayan farin 1984 gonaki sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka. Sai manoma suka canza yadda suke sassabe: maimakon su tuge kututture, sukan zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sare sauran. Ana kiran dabarar sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kanta, inda manoma da mata da Fulani makiyaya suka kafa kwamitin hana sara barkatai. Yau gawo da kalgo da sabara sun cika gonaki. Gawo kuwa abokin manomi ne, domin da damina yake zubar da ganye, bai tare wa hatsi rana, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne. Masana sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta haka a kudancin Nijar.

Sai dai zaman lafiyar yankin na fuskantar barazana. Tun 2019 dubban mutane daga jahohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako iyaka, suna gudun ƴan bindiga, ƙauyukan Gidan Rumji suka karɓe su, suka raba hatsi da rijiya da su. Satar shanu da garkuwa da mutane sun taɓa ƙauyukan bakin iyaka, saboda haka baƙo ya nemi shawarar mutanen gari kafin ya bar babbar hanya.

Akwai kuma wata asara da ke tafe a hankali. Tsofaffin da suka haddace tarihin Gobir suna ƙarewa, matasa na tafiya ci-rani. Ya kamata malaman makarantun jahar Maraɗi su riƙa kai ɗalibai fadar Tsibiri da gonakin Ɗan Saga, a ɗauki muryoyin dattawa, a rubuta abin da suka sani da Hausa tun suna raye.