Wasiƙa Daga Alƙahira: Kowace Lamba Da Gidanta



Iyayena, yayyena, ƙannena da sauran abokan arziki. Waɗanda suka aiko suna cigiyar labarin kogin Nilu da masallacin Azhar su yi haƙuri sai wani karon. Yau zancen lissafi ne, wato yadda ake rubuta manyan lambobi da yadda ake karanta su. Na san wasunku za su ce mu da muka yi sallama da lissafi tun muna aji uku, me ya haɗa mu da wannan? To ku ɗan dakata, domin maganar ta shafi aljihunku.

Abu na farko da baƙo zai lura da shi a kasuwannin Alƙahira shi ne, yawancin farashi ba da lambobinmu na boko ake rubuta shi ba, da irin waɗanda ke ƙarshen ayoyi a bugaggen Alƙur'ani ne. Biyar ɗinsu (٥) zagaye ce kamar sifirinmu, shidansu (٦) ta yi kama da bakwai ɗinmu, sifirinsu kuwa ɗigo ne kurum (٠), kai ka ce ƙuda ne ya sauka a takarda. Takardar kuɗinsu ta fam ma fuska biyu gare ta: ɗaya da hoton masallaci da lambobin Larabawa, ɗaya kuma da hoton kayan Fir'aunoni da lambobin boko. Amma duk da bambancin sura, doka ɗaya ce. Larabci daga dama ake rubuta shi zuwa hagu, amma in Bamisre zai rubuta ɗari biyu da hamsin, ٢٥٠ zai rubuta, biyu a hagu, sifiri a dama, daidai da yadda yaro zai rubuta 250 a firamaren unguwarmu.

Dokar kuwa ita ce, lamba ba ta da wata daraja tsayayya sai ta gidan da ta zauna. Biyar a gidan farko daga dama biyar ce. In ta matsa gida ɗaya zuwa hagu ta zama hamsin, in ta ƙara matsawa ta zama ɗari biyar. Kowane gida ya ninka na damansa sau goma. Shi kuwa sifiri mai gadi ne, aikinsa ya zauna a gidan da babu kowa don kada maƙwabci ya shige. In babu shi, ba yadda za a bambanta 25 da 205 da 250. Shi ya sa wannan ɗan ɗigo na Misrawa, in ya goge a jikin rasit, fam ɗari biyar ta koma hamsin.

Wannan dabara da muke raina ba da ita aka halicci ɗan Adam ba. Misrawan zamanin Fir'auna, da duk gwanintarsu ta gini, ba su san ta ba. Goma-goma suke ƙirga kamar mu, amma kowane mataki da hotonsa: ɗaya sanda ce, goma dabaibayi, ɗari naɗaɗɗiyar igiya, dubu furen bado, dubu goma yatsa, dubu ɗari talibambam, miliyan kuwa mutum ne ya ɗaga hannuwa sama. In ana son ɗari bakwai, sai a zana igiya bakwai. Akwai wani kan kulki na dutse na Sarki Narmer, wanda ya yi mulki kimanin shekara 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ajiye a gidan tarihi na Ashmolean a Oksfod ta Ingila. A jikinsa an sassaƙa shanu 400,000 da awaki 1,422,000 da fursunoni 120,000. Ashe tun shekara dubu biyar da suka wuce sarakuna ke son a ji manyan lambobi daga gare su! Sai dai hanyar tana da wahala. Kafin magatakarda ya rubuta 999,999 sai ya zana hoto hamsin da huɗu, abin da mu muke gamawa da lamba shida.

Hanyar gidaje daga Indiya ta fito, shi ya sa har yau Larabawa ke kiran lambobinsu na Hindu. Brahmagupta ya rubuta dokokin lissafi da sifiri a 628. Wajen 825 al-Khawarizmi ya rubuta littafi a Bagadaza yana bayyana lissafin Indiyawa, daga nan abin ya bazu a ƙasashen Musulmi. A nan Misra an yi Abu Kamil, wanda ake yi wa laƙabi da mai lissafin Misra, ya rasu wajen 930. Wani ɗan Italiya, Fibonacci, ya koyi lambobin a Bijaya ta Aljeriya, ya zo Misra ya ƙaro, sannan a 1202 ya rubuta littafin da ya taimaka wajen yaɗa su a Turai, ya kuma ci moriyar ayyukan Abu Kamil. Surar lambobin da Turawa suka ɗauka ta Magariba da Andalus ce, ita ce kuma suka dawo mana da ita a makarantar boko. Kalmar sifiri kuwa kai tsaye daga Larabci muka same ta, ma'anarta wofi.

Malamanmu na zaure suna da wata hanyar kuma, wato hisabin abajada, inda kowane baƙi yake da adadinsa: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, har zuwa dubu. Da shi mawaƙan ajami ke saka ramzin shekara a ƙarshen waƙa. A nan babu gida, tarawa ake yi, don haka in ba ku yi ittifaƙi a kan darajar baƙi ba, an shiga ruɗu. Mu tsarin Magariba muke bi, inda shin yake dubu. A nan Gabas kuwa shin ɗari uku ne, gain ne dubu. Ɗauki 1218 Hijira, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, wato 1804. In aka rubuta ta da shin da ra da ya da ha, malamin Sakkwato zai tara 1000 da 200 da 10 da 8, ya sami daidai. Malamin Alƙahira kuwa, in ya bi tsarin garinsu, 518 zai samu. An zubar da shekara ɗari bakwai ke nan a baƙi guda. Duk mai bin tsofaffin rubuce-rubucen hannu, irin aikin da ya kawo ni garin nan, dole ya fara sanin daga wace nahiya marubucin ya fito kafin ya taɓa lissafi.

Af, kada na manta da namu da ke kwance a garin nan. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, masanin lissafi da taurari, ya je aikin hajji sannan ya zauna a Alƙahira. A farkon shekarun 1730 ya rubuta littafi kan yadda ake jera lambobi a hatimi, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a 1154 Hijira, wajen 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin Abdurrahman al-Jabarti mashahurin marubucin tarihin Misra, wanda ya sa labarin malamin a littafinsa. Duk mai cewa lissafi ba na Bahaushe ba ne, sai a tuna masa da Bakatsinen da manyan malaman Misra suka karrama a kan wannan fanni.

Wannan shekara ta 1154 ita za ta kai mu ga ainihin matsalar, wato tsakanin alƙalami da baki. Marubutan tarihi irin su al-Jabarti in za su rubuta shekara da kalmomi, daga ƙarama suke farawa: huɗu da hamsin da ɗari da dubu. Ka ga daga dama zuwa hagu ke nan, yadda Larabci yake tafiya. Bamisren yau kuwa ya raba biyu. In zai karanta 1925 zai ce dubu da ɗari tara, sannan ya tsallake ya ce biyar da ashirin. Mu Hausawa mun ari ashirin, talatin, arba'in, hamsin har zuwa casa'in daga Larabci, muka ajiye gomiya biyu da gomiya uku na kakanni, amma ba mu ari tsarin jerawarsu ba, ashirin da biyar muke cewa. Tsofaffi har yanzu suna cewa metan da arbaminya da hamsaminya, suna cewa ashirin ba ɗaya maimakon goma sha tara. A rediyo kuma ka ji an ce shekarar alif dubu ɗaya da ɗari tara da sittin, alhali alif ɗin ita ce dubun.

Kuma ba yau muka saba da manyan adadi ba. Zamanin wuri, ashirin hauya ce, 20,000 kuma keso. Baturen nan Barth da ya ratsa Tasawa da Katsina da Kano a 1851 ya ba da labarin yadda fatake ke ƙirga wuri biyar-biyar suna tara su tsibi-tsibi, ya ce a Kano wuri 2,500 ke sayen dalar azurfa ɗaya. Ashe tsibi da keso su ne gidajen lissafinsu, a kan tabarma maimakon takarda.

To amma harshenmu yana da tarko. In mutum ya ce maka dubu ɗari da hamsin, me yake nufi, 150,000 ko 100,050? A ciniki kowa zai ɗauka na farko ne, amma lafazin ya yarda da duka biyun. Dubu goma sha biyar 15,000 ce, dubu goma da biyar kuwa tana iya zama 10,005. Ga kuma 'yan'uwanmu masu fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi. A Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, don haka dala ashirin sefa 100 ake nufi, jaka kuma sefa 1,000. A Nijeriya jaka fam ɗari ce ta da, wadda ta koma naira 200 da aka canja kuɗi a 1973. A rubuce ma akwai bambanci. Wanda ya yi boko da Faransanci yana raba dubbai da ɗigo ko fili, waƙafi kuma na gutsuren lamba ne, mu kuwa akasin haka muke yi. Saboda haka 1.500 a Maraɗi dubu ɗaya da ɗari biyar ce, a Kano ɗaya da rabi. Abin da muke kira biliyan su miliyar suke ce masa, haka ma Misrawa.

Da an haura miliyan kuma, kunne ya daina rarrabewa, miliyan da biliyan da tiriliyan duk su zama "kuɗi masu yawa". A watan Fabrairun 2020 allon ƙidayar jama'a na hukumar ƙididdigar Misra ya nuna mutanen ƙasar sun cika miliyan ɗari, wato ɗaya da ɗigo takwas a rubutunsu. Ƙara ɗigo guda kawai, an kai biliyan. Ga yadda za ku ji nauyin abin. In mutum zai ƙirga naira ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, zai gama miliyan cikin kwana goma sha ɗaya da rabi. Biliyan za ta ci masa kusan shekara talatin da biyu. Tiriliyan kuwa sai ya yi fiye da shekara 31,000. Kasafin kuɗin Nijeriya na 2025 da aka sa wa hannu naira tiriliyan 54.99 ne, wato 54,990,000,000,000. Talakan da bai san bambancin waɗannan gidaje ba, ta yaya zai gane ko abin da aka ce an ware wa asibitin garinsu kaso ne na kirki ko kuwa ɗigon ruwa a tulu? Sai dai ya yi tafi duk sanda ya ji "miliyoyi".

Don haka ga roƙona gare ku. In kun ga doguwar lamba, kada ku fara daga hagu. Ku fara daga dama ku yanka ta uku-uku: rukunin farko na ɗaiɗai, na biyu na dubbai, na uku na miliyoyi, na huɗu na biliyoyi, sannan ku karanta kowane rukuni ku kira sunansa. In kuna ciniki ko bashi, ku maimaita kalmar, ku ce dubu ɗari da dubu hamsin, ba za ta rage ku da komai ba. In za a rubuta, a rubuta da lamba kuma a rubuta da kalmomi, kamar yadda ake yi a cakin banki, a kuma faɗi irin kuɗin. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma mun sha ganin zumuncin shekaru ya lalace a kan adadin da kowa ya ji yadda ya so. Haka rabon gado da kuɗin adashi.

Ku kuma ƙannena da ke koyarwa a firamare, da iyaye mata da ke zama da yara suna aikin gida, don Allah kada a bar yaro ya haddace sunayen gidajen nan da Turanci kamar aku. A ɗauko tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, dami goma kuma a haɗa ya zama ɗari. A nuna masa takardar naira goma da ta ɗari da ta dubu, a tambaye shi guda nawa na wannan ke yin waccan. A ce masa gidan ɗaya, gidan goma, gidan ɗari da harshen da yake mafarki da shi. In ya gane da Hausa, ko da lambobin Larabawa aka rubuta masa ko da na boko, ba mai cutarsa.

A gaida su Baba da su Inna, a ce ina neman addu'a. A gaida yara duka da mutanen unguwa. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam.
Naku a kullum, daga Alƙahira.